Tarin Adda

Rumfata ita ce ta ƙarshe a kasuwar Illela in ka nufi hanyar Ƙonni. Daga ni sai masu faci, sai juji. Bayan rasuwar maigidana da na je neman wuri, shugabannin kasuwa suka ce ai mai fura ko ina ta zauna ƙishirwa za ta kawo mata mutane, suka jefa ni can. Na yi tsiyata har na gaji, na kafa rumfa. Ashe akwai abin da ba su sani ba. A duk layin nan, ƙarƙashin rumfata ne kaɗai sabis ɗin Nijar yake kamawa tas, kamar kana zaune a tsakiyar Ƙonni. Ka matsa wajen masu tumatir, ya ɗauke.

Mu mutanen iyaka ba mu san waya mai layi ɗaya ba. Kowa da layin Najeriya da layin Nijar a cikin 'yar wayarsa, domin in ka kira Nijar da layin gida katinka zai ƙone kafin ku gama gaisuwa. Saboda haka na samu masu zuwa shan fura waɗanda ba furar ce ta kawo su ba. Su sayi ta ganin ido, su zauna su yi ta magana da Tawa da Maraɗi. Ban taɓa korar kowa ba, sai dai wanda ya daɗe ainun nakan tambaye shi ko in kawo masa filo.

Sunana Baraka. Labarin kuwa na Adda ne, Bafillatanar da take kawo mini nono daga rugarsu ta bayan Lafani kowace Lahadi, ranar da kasuwarmu take ci. Tun ina da ƙuruciyata muke tare da ita, yanzu duk mun yi furfura. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa zuba wa nononta ruwa ba. Ni ce mai surutun, ita ce mai sauraro, shi ya sa muka daɗe.

Adda tana da ɗa, Jaɓɓo, shi ne ɗanta na fari. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasa ce in aka gwada da tasu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. A hannun kakarsa ya tashi. Ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta tambayar inda yake, in ana yabonsa sai ta tashi ta ba da wuri. In dole ta kama a ambace shi, sai ta ce “wancan mai shanun”. Na sha yi mata tsiya cewa ko kuɗi ya ci mata ba za ta ƙi shi haka ba. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da goge ƙwaryarta. Amma ni na san abin da ke cikin zuciyarta, domin na ga yadda hannunta yake tsayawa cak duk lokacin da wani ya ambaci sunan yaron.

Shekarar da ɓarayin shanu suka matsa wa yankinmu, suka samu lambar Jaɓɓo. Suna kiransa safe da yamma, suna faɗa masa launin shanunsa da inda ya shayar da su jiya. Da abin ya ishe shi sai ya karya layin, ya kora dabbobinsa ya tsallaka Nijar, can gaba da Ƙonni ta wajen Tawa. Kafin ya wuce ya biyo ta rumfata, ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa na shigar masa da lambata ta Nijar a wayarsa. Ya ce in ya sayi sabon layi zai kira ni, kuma daga ranar ba zai ƙara ɗaukar kiran kowace lamba ba sai tawa. Ya ce akwai wani tudu da aka ba shi labari, inda rezo, wato sabis a bakin mutanen Nijar, yake kamawa, zai riƙa hawa duk Lahadi bayan azahar. Bai ce don wa ba, ni ma ban tambaya ba.

Haka muka shiga yi. Lahadi bayan azahar, Adda ta gama auna mini nono, sai ta zauna a bakin rumfa ta juya mini baya, ta shiga jera ƙoren da ta riga ta jera. Ni kuma in kira Jaɓɓo, in sa wayar a sifika, in ajiye ta cikin wani kwano don murya ta ƙara fita. In tambaye shi shanu, in tambaye shi ruwa, in tambaye shi matarsa da tarin da yaronsu yake yi, duk abin da na san uwa za ta so ji. Yana amsa mini dalla-dalla, da ƙarfi, yadda ba a yi wa mai fura bayani. In mun gama sai ya ce mini, “Inna, a gaida mutanen gida.” Sai ya yi shiru. A cikin shirun nan Adda takan yi tari sau ɗaya, gajere, kamar ƙura ta shige mata maƙogwaro. Yana jin tarin sai ya kashe wayar. Ba mu taɓa zancen wannan tsari ba, ko ni da ita, ko ni da shi.

Ana nan, wata Lahadi bayan kaka, sai ga Maccido mai shela a kan babur da lasifikarsa, yana cewa baƙi sun zo daga Abuja za su yi taron jin ra'ayin jama'a a kan waya da intanet, maza da mata kowa ya zo, a filin makaranta bayan la'asar. Na ce ikon Allah, yau kuma ra'ayinmu ake nema. Da farko ban yi niyyar zuwa ba. Sai Malam Usama, wani malamin makaranta da ba ya wuce rumfata bai sha fura ba, ya ce mini gara in je, don ya ji ƙishin-ƙishin maganar ta shafi sabis ɗin da ke tsallako iyaka. Nan take na sake shawara. Muka yi wayarmu da Jaɓɓo, Adda ta yi tarinta, na ce mata ta raka ni, ai an ce za a raba lemo. Ta bi ni ba don lemon ba, don ba ta iya ce mini a'a.

An kafa rumfuna, an jera kujeru. Manyan gari da 'yan kasuwa a gaba, Filani a gefe guda tare da Arɗo Dabo, wanda yayan mijin Adda ne, mu mata a baya inda rana take duka. Kafin baƙin su zauna, wakilin hakimi ya zagaya yana jan kunne cewa baƙi ne daga nesa, kada wani ya tashi ya kunyata gari. Ban san me ya sa ya fi daɗewa a kusa da ni ba.

Wanda ya yi bayani wani matashi ne mai suna Faruk, Hausarsa irin ta rediyo. Zan faɗi gaskiya, yaron yana da ladabi, kuma da zuciya ɗaya ya zo. Ya ce ƙasashen duniya suna da wasu tsofaffin dokoki da suka yarda da su a kan yadda waya da intanet za su riƙa ratsa tsakaninsu, yanzu za a zauna a wani birni mai nisa a yi musu gyara. A da manya ne kaɗai suke rufe ƙofa su gama, amma bana an ce sai an ji ta bakin talakawa. Ya ce cikin abubuwan da ake magana akwai batun ƙarafan sabis na bakin iyaka, wasu suna son kowace ƙasa ta tsare nata a gida, kada ya riƙa zuba cikin maƙwabta.

Alhaji Attahiru dillalin albasa ya miƙe ya ce to a karanto musu gyaran su ji. Faruk ya sosa ƙeya ya ce daftarin ba a fitar da shi ba tukuna, sai ƙasashe sun zauna, shi kansa kanun maganar kaɗai aka nuna masa. Daga baya inda nake na ce wannan ai sayen kifi a ruwa ne. Mata suka yi dariya, wakilin hakimi ya harare ni. Wato an tara mu mu faɗi ra'ayinmu a kan abin da mai tambayar ma bai gani ba.

Daga nan taro ya koma abin da tarukanmu suke komawa. Wani ya tashi ya yi maganar hanya, wani wutar lantarki, wani takin zamani, wani ya yi addu'a mai tsawo ya zauna. Manyan 'yan kasuwa ba su damu ba, suna da manyan wayoyi masu intanet, kuma kullum suna Ƙonni. Faruk yana ta jawo su kan magana suna zamewa. Can sai ya ajiye takardunsa ya ce zai gaya mana gaskiya. Ya ce bai yi alkawari ba, amma in aka samu garuruwan iyaka da suka nuna cewa rayuwar mutane ta rataya a kan wannan sabis, akwai damar wakilanmu su nemi a yi musu sassauci. Ba maganar ciniki yake nema ba, wannan an ji ta a ko ina. Mutum ɗaya yake nema wanda in aka ɗauke sabis ɗin zai rasa wani nasa.

Na dubi Adda. Idonta yana ƙasa, tana wasa da bakin zanenta. Na zungure ta, ba ta motsa ba. Na sake zungurarta. Sai na ji ƙafafuna sun miƙe da kansu.

Na ce ni ce Baraka mai fura, kuma ga wata baiwar Allah nan kusa da ni, ɗanta yana Nijar, ɓarayi suka kore shi, ba ya ɗaukar kowace lamba sai layina na Nijar, kuma duk mako a rumfata take jin muryarsa. Na ce in aka ɗauke sabis ɗin nan an raba uwa da ɗa. Har yau ban ga laifin abin da na yi ba, kuma da za a sake taron gobe haka zan sake yi.

Fuskar Faruk ta washe. Ya ce abin da yake nema ke nan. Amma akwai ƙa'ida: wanda abin ya shafa shi ne zai faɗa da bakinsa, ya faɗi sunansa, a ɗauki muryarsa a rakoda. Ya ce a baya an zargi masu irin wannan aiki da zama a ofis suna ƙirƙirar ra'ayin mutane, shi ya sa yanzu komai a fili ake yi. Duk abin da aka faɗa za a ɗora a intanet da sunan mai shi, kowa a duniya yana iya ji. Ya faɗi haka ne yana alfahari, yana ganin zai ƙarfafa mata gwiwa. Ni kuwa ina jin haka na san an gama.

Ya ratso kujeru har inda muke, ya durƙusa a gabanta, ya miƙa mata makirfo. Duk filin ya juyo. Arɗo Dabo ma ya juyo, da duk mazan rugarsu.

“Inna, sannu. An ce kina da ɗa a Nijar. Yaya sunansa?”

Adda ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. 

“Ni nono ni ka kawowa kasuwa,” in ji ta a hankali. “In na saida in koma gida.”

“Ba wanda kike jin muryarsa a waya?”

“Ni ba ni da waya.”

Wannan kuma gaskiya ce. Faruk ya dube ni, ya sake dubanta. Ina ganin a lokacin ya fara ganewa, don shi ma ɗan Hausawa ne, ya san kunyar ɗan fari, amma aiki ya riga ya sa shi a gaba. Ya sassauta murya ya tambaye ta, in sabis ɗin Nijar ya daina zuwa Illela, babu abin da zai same ta?

“Lahiya lau mu ke,” in ji Adda. “Allah shi ba ku sa'a.”

Na ji gunagunin yabo daga ɓangaren Filani. Arɗo Dabo ya gyaɗa kai ya juya gaba. A wurinsu ta yi abin da ya kamata, ta nuna ita 'yar mutunci ce. Faruk ya tambayi sunanta, wata ta faɗa masa, ya rubuta. Ni takaici ya hana ni zama. Na karɓe makirfo na yi ta zuba, na ce a rubuta nawa sunan, ni abin ya shafa. Ya ɗauki muryata don kada ya ba ni kunya, amma ni ba ni da kowa a Nijar sai masu sayen fura, maganata ta shiga sahun maganar ciniki. Aka yi addu'a, aka raba lemo, aka watse.

Washegari kafin su kama hanya Faruk ya zo rumfata shi kaɗai. Ya ce bai yi barci da daɗi ba. Na tambaye shi ko ba zai rubuta labarin ba tare da suna ba. Ya ce abin da ba shi da suna da murya ba ya shiga rahoto, ko ya sa za a cire. Sai dai ƙofa a buɗe take har ƙarshen wata, kowa yana iya tura ra'ayinsa ta intanet, da Turanci ko Faransanci. Na ce masa madalla, zan gaya wa Adda ta tura da Faransanci. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na dama masa fura, ya sha, ya tafi.

Lahadin da ta biyo Adda ba ta zo ba, ta aiko da nono ta hannun maƙwabciyarta. Na kira Jaɓɓo na ce masa mutanen gida sun je biki. Lahadi ta gaba sai ga ta. Ta auna nono ba ta dube ni ba. Da ta gama na ce mata don ita na yi.

“Kin tsiraita ni gaban surukkaina,” in ji ta.

“To mi kika so in yi? In zura ido su ɗauke abin ga?”

“Baraka, ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba.”

Na ce mata nawa cikin ƙarami ne, ba ya ɗaukar tuwo da magana lokaci guda. Ta kusa yin murmushi. Bayan azahar ta juya mini baya kamar kullum, na san mun shirya.

Watanni suka wuce. Wata rana muka ji a rediyo cewa an yi zaman ƙasashen an tashi lafiya. Abin da aka yanke kuwa ba wanda ya zo ya gaya mana. Waɗanda suka kafa rumfuna don jin ta bakinmu ba su dawo sun kafa ko ɗaya don mu ji ta bakinsu ba. Har muka manta. Sai wata Lahadi gab da faɗuwar damina na ɗauko waya bayan azahar, na ga wurin layin Nijar fayau. Na kashe na kunna. Na cire layin na goge shi da zane na mayar. Na hau benci, tsofai-tsofai da ni, na ɗaga wayar sama har masu faci suna tambaya ko tsuntsu nake kamawa. Babu. Har yau ban san ko dokar ce ta yi aiki ba, ko kamfanin ne kawai ya juya ƙarfensa wani gefen. Na tambayi duk wanda nake zaton zai sani, kowa da abin da yake faɗa.

Adda tana zaune da bayanta gare ni, tana jera ƙore. Na ce da ƙarfi, kamar da masu faci nake, rezo ya ɗan yi gardama, bari in gwada layin gida. Na kira lambar Jaɓɓo da layin Najeriya. Ta shiga, tana ta ringi har ta katse. Na sake, haka. Ina ganinsa a raina yana tsaye a kan tudu, yana kallon baƙuwar lambar Najeriya, yana cewa ɓarayin nan sun gano shi. Saƙo kuma ba zai yi amfani ba, Jaɓɓo bai yi boko ba. Adda ta zauna har la'asar sakaliya, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta ɗauki kayanta.

Na sa rai abin zai dawo, don sabis ya saba irin wannan iskancin. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Masu zuwa shan furar ganin ido suka ɗauke ƙafa. A cikin kwanakin ne Malam Usama ya zo da babbar wayarsa ya ce ga rahoton taronmu ya fito. A ƙarƙashin Illela an rubuta cewa jama'a sun halarta da yawa, kuma ba a samu wani ƙorafi mai ƙarfi ba. Sun cika alkawari, duk muryoyin suna nan da sunaye. Ya danna ɗaya, sai ga Adda a cikin wayar tana cewa lahiya lau mu ke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu Bature a ƙasarsa yana iya jin muryar Adda duk lokacin da ya ga dama, yaron da ke hawa tudu dominta ne kaɗai ba zai ji ba. Na ce wa Malam ya kashe, ya sha furarsa.

Na ce wa Adda mu tafi Ƙonni Lahadi mai zuwa, ai nan da nan ne, can layina zai kama. Ta tambaye ni me za ta kai Ƙonni, ko su ba su da nono a can. Na gane abin da take nufi. A rumfata tana da hujja, ciniki ya kawo ta, in kunnenta ya tsinci wata magana ba laifinta ba ne. Amma ta ɗauki ƙafa ta tsallaka iyaka, bayan abin da ya faru a taro, duk ruga za ta san wurin wa ta je. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce kunyar da za ta kashe mutum ba kunya ba ce. Ta bar ni na gama, ta ce in gaida mutanen Ƙonni.

Ranar Lahadi na rufe rumfa, ranar cinikina, na hau kabu-kabu. Muna wuce shingen ƙarshe wayata ta yi ƙara, layin Nijar ya farka. Na sauka a tasha, na samu inuwa kusa da wata mai soya ƙosai, na jira azahar ta wuce. Ringi ɗaya ya ɗauka.

 Ya ce duk Lahadi yana kan tudun tun hantsi, ya yi ta kiran layina ana cewa ba a samu ba, ga kuma wata lambar Najeriya ta addabe shi, har ya fara tunanin sauya wuri. Na ce lambar tawa ce, na ba shi labarin sabis, na ce daga yau in ya gan ta ya ɗauka, ko nawa katin zai ci na yarda. Sai ya ce ai an makara. An yi shuka a inda suke, manoma sun ba shi zuwa gobe ya fitar da shanu. 'Yan uwansa sun daɗe da yin arewa, shi kaɗai ya tsaya yana jiran Lahadi. Inda za su babu rezo, sai bayan kaka in Allah ya kai mu, in kuma tudun nan suka dawo. Na roƙe shi ya ƙara mako ɗaya. Ya ce in ya ƙara, za a yi abin da ba a so tsakaninsa da masu gona.

Na tambaye shi shanu, na tambaye shi matarsa da yaron, ya amsa mini dalla-dalla, da ƙarfi, kamar yadda ya saba. A nan na gane yana zaton ba ni kaɗai na zo ba. Na rasa ta inda zan fara gaya masa.

“Inna, a gaida mutanen gida,” in ji shi.

Ya yi shiru. Motoci suna ta hon, mai ƙosai tana faɗa da wani a kan canjin sefa, kuɗin Nijar, shi kuwa yana jira. Tausayinsa ya kama ni har na ji ba zan iya ba. Na matsar da wayar nesa da bakina, na juya kai, na yi tari sau ɗaya, gajere.

Bai kashe ba. Na ji numfashinsa.

“Allah shi saka miki da alheri, Inna,” in ji shi. “Amma ba hakanan ta ka yi ba.”  “Lahiya ta ke dai?”

Na ce lafiya lau take, na rantse masa. Ya ce to, ya gode. Na zauna a wurin har mai ƙosai ta tambaye ni ko wani ya rasu.

Lahadin da ta biyo an kwana ana ruwa, kasuwa duk caɓi. Adda ta zo a makare, ƙafafunta da laka. Ta auna mini nono. Ba ta tambaye ni Ƙonni ba. Bayan azahar ta koma bakin rumfa, ta juya mini baya, ta fara jera ƙore. Na ɗauko wayar na ajiye cikin kwano, ko da yake babu abin da ke cikinta. Na kama dama fura, ina magana da ludayina. Na ce na haɗu da wani a waya, ya ce shanu sun yi kyau, saniyar nan ja ta haihu. Matarsa lafiya, tarin yaron ya warke. Sun yi arewa, sai bayan kaka. Hannun Adda ya tsaya a kan ƙwarya.

Na ce, “Kuma yac ce a gaida mutanen gida.”

Na yi shiru. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa. Can sai Adda ta yi tari, sau ɗaya, gajere. Ta jira kaɗan kamar yadda take jira ta ji an kashe waya. Sannan ta ɗora ƙoren bisa kai, ta ce sai Lahadi.